Gangar Ruwa a Bakin Raga

A da, idan ka ce wa mutumin Gadarif, a nan gabashin Sudan, sana'arka ita ce ka kama tsuntsu, ka sa masa zobe a ƙafa, ka sake shi, kallon tausayi zai yi maka, ya tambayi na kusa ko an gwada kai ka wurin malam. Yanzu kuwa yara sun gani a waya. Sun ga hannu yana buɗewa, tsuntsu yana tashi, an sa kiɗa mai taushi a ƙarƙashi. Kwanakin baya jikata Suwaiba ta same ni a rumfa da abokan karatunta, ta ce:

"Kaka, an ce ana ɗaukar masu koyo a tasharku ta bakin teku. Ka yi mana magana."

Na ce, "Me kuka iya?"

"Me za a iya? Raga ce ke kamawa, mu namu saki."

"To matata, ke da kaza ta fi ƙarfinki ranar salla?"

Suka yi dariya, ta ce wannan kazar aljanu gare ta. Abin da na gaya musu ran nan shi nake rubutawa, da ƙarin abin da shayi ya ƙare ban kai gare shi ba.

Ni ɗan Basunda ne, wani gari a yankin Gadarif. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suna tafe suna noma, har wasu suka je suka dawo suka zauna a nan. A wurinmu tsuntsu abokin gaba ne. Tun ina ƙarami aikina hawa rumfar tsakiyar gona da majajjawa, in yi ta ihu daga safe har muryata ta dushe, don kada su gama da dawa. Da na girma na yi yankan riɗi a Gadambaliya, na yi a Simsim, daga nan na shiga lori mai kai dawa Bur Sudan. Lorin nan ne ya lalace da mu a kudu da Sawakin, muka zauna jiran kayan gyara. Wani dogon mutum mai tabarau ya zo neman wanda zai iya karanta lambobin boko kuma ba ya gaggawa. Direbanmu ya nuna ni ya ce, "Wannan, ya Ustaz. Ko gobara aka yi sai ya ɗaura takalmi." Mutumin shi ne Ustaz Mirgani, shugaban tashar, kuma a hannunsa na koyi aikin.

Tashar ɗakunan katako ne biyu da rumfa, a bakin wani busasshen rafi da ke gangarowa daga duwatsu ya shiga Bahar Maliya. Gefen teku akwai itatuwan shura, masu tsirowa a cikin ruwan gishiri. Gefen tudu kuma ƙaya ce. Ƙasar ta Bija ce, mutanen duwatsu masu raƙuma da awaki, kuma shugabansu Shehu Adarob ne ya ba da izinin zama. Da baki ya bayar, a kan gahawa. Mai gadinmu kuma mai dafa mana abinci, Ohaj, ɗan ƙabilarsu ne, ya sha gaya mini cewa abin da aka bayar a kan gahawa a kan gahawa ake karɓe shi. Lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Tsuntsun farko da na riƙe ɗan mitsitsi ne mai ruwan ƙasa, wanda ya ƙetaro teku da asuba ya faɗa raga. Ustaz ya ciro shi ya miƙo mini. Hannuna bai yi shawara da ni ba, sai ya haɗe fikafikan a baya ya danne, yadda muke yi a gida.

Ustaz ya ce, "Ya Harun, wuƙar fa?"

"Wace wuƙa, Ustaz?"

"Ai na ga ka yi riƙon yanka, na zaci ka zo da ita."

Ohaj yana daga rumfa yana dakan gahawa, ya ɗaga murya: "Na gaya maka, Ustaz. Ka ɗauko Takruri ka ba shi tsaron nama." Takruri suke ce wa duk wanda kakanninsa suka zo daga yamma. Ni kuma ina ce masa mai tsoron kifi, tunda a bakin teku aka haife shi amma bai taɓa sa kifi a baki ba.

Riƙon aikin daban ne. Wuyan tsuntsu yana shiga tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, bayansa ya kwanta a tafinka, sauran yatsu su zagaye shi kamar keji, ba matsi. Za ka ji zuciyarsa tana bugun fatarka da sauri har ba za ka iya binta ba. Idan ka matsa ƙirjin, ka hana shi numfashi. Idan ka sassauta, ya tafi ya bar maka gashin wutsiya. Sai da na yi makonni ina riƙewa kawai, ban taɓa zobe ba.

Ragar kuwa ba irin ta masunta ba ce. Zarenta baƙi ne, siriri kamar gashi, idan an shimfiɗa ta tsakanin sandunan gora a gaban duhuwa, kai kanka sai ka shiga. Tana da aljifai a tsawonta, tsuntsu ya buge ta ya faɗa ciki. Fitar da shi ne aikin. Abu na farko, ka gane ta wane gefe ya shigo, don ta nan kaɗai zai fita. Ka nemo cikinsa, inda babu zare. Ka saki ƙafafu, sannan fiffike ɗaya, sannan ɗayan, kai a ƙarshe, kamar kana tuɓe wa jariri riga. Wani lokaci zare yakan naɗe harshensa ta baya, sai ka sa tsinken ciyawa ka zare a hankali, gumi yana shiga idonka, ƙuda yana kunnenka, ga wasu tsuntsayen suna jira a raga rana tana hawa. Akwai masu cizo. Wani mai ƙugiyar baki yana neman daidai gefen farce, kuma ba a yarda ka fizge hannu ba. Ka bar shi ya gama cizonsa, ka ci gaba.

Daga raga sai jakar yadi, kowane tsuntsu da tasa, a rataye a inuwa. A rumfa akwai zobba na farin ƙarfe marar nauyi, an jera su a zare bisa girma, kowanne da lamba. Akwai filaya mai ramuka a baki, kowane rami da girman zobensa. Ka matse zoben har bakinsa biyu su haɗu ba gibi, don kada ƙaya ta shiga ta kama shi, amma ya riƙa juyawa a ƙafa. Sai awon fiffike a kan rula, sai sikeli. Sai ka hura gashin cikinsa ka ga kitse a ƙarƙashin fata. Wanda ya sauko daga teku cikinsa ja ne, ƙashin ƙirji a tsaye kamar wuƙa. Wanda ya sami kwanaki yana ci, cikinsa rawaya kamar man shanu, shi ya shirya tafiya.

Muna buɗe raga bayan sallar asuba, kafin a gane fuskar mutum. Daga nan ba zama. Ka zagaya, ka kwaso, ka auna, ka saki, ka koma. Da zarar rana ta fara cizon wuya, a naɗe raga ko da tsuntsu yana zubowa kamar ruwan sama, domin a zafin bakin tekun nan ɗan tsuntsu ba ya daɗewa a raga yake mutuwa. Da rana kuma ɗinki. Raƙumi ba ya ganin raga, kuma ko ya gani bai dame shi ba. Yakan bi ta tsakiya zai je cin shura, ya tafi da rabinta a wuya kamar mayafi.

Su Suwaiba sun tambaye ni wa ke saye. Babu mai saye. Masu karɓar aikinmu mutane ne da ba za mu taɓa gani ba: wani a ƙasar ƙanƙara da zai kama tsuntsun bayan watanni ya karanta lambar, ko manomi da zai tsinci gawarsa a bakin gona. Daga baya aikin ya kai ni wurare. Na yi a bakin Tafkin Chadi, inda sauro ya fi tsuntsu yawa. Na yi a kan wani tudu a Kenya, inda hazo ke sauko da su. Na yi a wani tsibiri na Turawa inda ake aiki da safar hannu saboda sanyi. Ko'ina riƙon ɗaya ne, filayar ɗaya ce, ko ba ka jin harshen mutum kana ganin yatsunsa za ka san wanda ya koya masa mai haƙuri ne ko mai faɗa. Abin da ya bambanta shi ne maƙwabta. Wannan kuwa ba a koyar da shi a rumfar awo, ni a shekarar fari na koye shi.

Shekarar ruwa bai sauka a duwatsu ba. Ƙaya ta zubar da ganye, babu tsutsa, babu ƙwaro. Da kaka ta yi, tsuntsaye suka ƙetaro teku kamar kullum, amma ba su ga abin tsayawa ba, sai su wuce ta samanmu. Mukan zagaya raga mu dawo da jakunkuna a ninke. Masu ɗaukar nauyin tashar a birni suka aiko cewa idan kakar nan ta wuce haka, za su rufe.

Ustaz ya tuna wata dabara da ya gani a ƙasar waje. Aka ɗora ganga a kan duwatsu a tsakiyar ragogi, aka huda mata ɗan rami, ruwa yana ɗiga cikin kwano. Tsuntsu yana jin ƙarar ɗigon daga nesa. Ruwan daɗi tanka ce ke kawo mana daga Sawakin jefi-jefi, don haka muka rage namu. Wanka da wanki muka koma teku, fatarmu tana tsagewa da gishiri, rabonmu muka zuba wa gangar. Dabara ta ci. Jakunkuna suka cika, Ustaz ya dawo da waƙe-waƙensa na mutanen arewacin Sudan. Ohaj ne kaɗai bai yi murna ba. Ya ce, "Ruwa a fili, Ustaz?" Ustaz ya ce ai namu ne, daga bakinmu muka cire. Ohaj ya koma kan turminsa.

A lokacin mutanen duwatsu sun fara saukowa. Suka kafa bukkokin tabarma a hayin rafi, da 'yan awakin da suka rage. Rijiyar wurin ta koma gishiri, ko jaki sai ya sunsuna ya juya.

Wata safiya na je zagaye na tarar da wata tsohuwa tsaye a kan kwanon, da salka a kafaɗa. Ta bi ta ƙarƙashin raga ta shigo. Daga baya na san sunanta Madina, kowa yana ce mata Haboba, wato kaka. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta dubi gangar, ta dubi tsuntsayen da ke raga. Ustaz da Ohaj suka iso. Ta yi magana da Bijanci, ba ta ɗaga murya ba. Lokacin ban iya harshen sosai ba.

Ustaz ya ce, "Me ta ce?"

Ohaj ya ce, "Ta ce ruwan daɗi ne."

"Ai ta faɗi fiye da haka."

Ohaj ya sosa gashinsa. "Ta ce, tsuntsayen nan 'ya'yan wane ne a cikinku."

Ustaz ya cika mata salkar da hannunsa, ta tafi ba godiya. Washegari da muka fito buɗe raga, sai ga reshen ƙaya an gitta a kan hanya. Na ɗaga ƙafa zan tsallake, Ohaj ya riƙe mini riga. Ya ce, "Takruri, in ka tsallake wannan, ba ragarku kaɗai za ta bar nan ba. Shehu ya tsayar da ku. Sai an sha gahawa."

Muka bar ragogi a naɗe, a tsakiyar lokacin wucewar tsuntsaye, muna jin kukansu a sama. Da Shehu Adarob ya kira mu, a gindin wata ƙaya muka same shi da dattawa. Aka soya gahawa a gabanmu, aka daka da citta, aka zuba a tulun yumɓu. Ana ta zagayawa da ƙananan kofuna, ana tambayar lafiya, ana sake tambaya. Ustaz yana ta motsi, Ohaj yana danna masa gwiwa. A wurinsu ba a fara magana sai mai gida ya ajiye kofi.

Da ya ajiye, da Larabci ya yi magana. Bai zarge mu da kama tsuntsu ba. Bija ba sa cin tsuntsu, abin ƙyama ne a wurinsu. Na ce a raina, da a Basunda ne aka yi yunwar nan ga raga cike, da tuni an ɗora tukunya. Shi maganarsa ta ruwa ce. Ya ce ruwan da ke cikin ɗakinka naka ne, ko sarki ba zai tambaye ka ba. Amma ranar da ka fitar da shi ka ajiye a ƙarƙashin sama, ya zama na mai ƙishirwa: mutum tukuna, sannan dabbarsa. Ku kun ajiye shi a fili, kun kewaye shi da raga.

Ustaz ya yi bayani mai kyau, na teku da nisan tafiya da masu shirin rufe tasha. Shehu ya saurara har ƙarshe. Sai ya juyo gare ni.

"Kai Takruri. Kakanninka ta nan suka bi za su Makka?"

"Ta nan, ya Shehu."

"A ƙafa?"

"A ƙafa."

"Da tanka suka zo?"

Dattawa suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "A'a, ya Shehu. A rijiyoyinku suka sha."

Ya ce to, zaɓi biyu ne. Ko a mayar da gangar cikin ɗaki, a ɗage ƙaya, kowa ya ji da ƙishirwarsa. Ko a bar ta a fili, nesa da raga, ta zama ta kowa. Kowanne muka ɗauka, tsuntsu ya rasa kwanonsa. Ustaz ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce a fili za ta zauna, kuma duk zuwan tanka a raba biyu. A hanyar komawa ya ce mini, "Ya Harun, ka fara tambayar lori mai zuwa Gadarif. Ba na jin za mu kai baɗi."

Muka tsaga gangar gida biyu. Rabi ɗaya muka yi kwami na dabbobi, muka kafa shi can ƙasan rafi. Mata suna ɗiba a bakin tanka, abin da ya rage a zuba wa awaki da jakuna. Ragoginmu suka koma wofi. Na fara haɗa kayana.

Akuya ba ta shan ruwa da ladabi. Suna turereniya, suna zubarwa, suna tattakewa. A hankali gefen kwamin ya zama taɓo, ga kashin dabbobi ya taru, ƙuda da ƙananan ƙwari suka cika wurin. Mu ba ma zuwa can da safe, muna ta zagayen ragoginmu marasa komai. Haboba Madina ce ta zo har rumfa wani hantsi, ta tsaya da sandarta. Wannan karon na ji abin da ta ce ba tare da Ohaj ba.

"Ku makafi ne? 'Ya'yanku suna can suna hana awakina sha."

Muka bi ta. Tsakanin ƙafafun awaki ƙasa tana motsi. Ƙananan tsuntsaye ne masu rawayan ciki, masu kaɗa wutsiya, suna tsintar ƙwari. Sama kuma tsattsewa tana shawagi ƙasa-ƙasa. A ƙayar da ke kusa, kowane reshe da mai shi. Kwanonmu ruwa kaɗai ya ba su. Nan ga ruwa ga abinci, kuma ba wanda ya shirya haka, ba mu ba, ba Shehu ba. Ustaz ya tsaya ya saki baki. Ohaj ya ce, "Ustaz, rufe, ƙuda zai shiga."

Ba mu kafa ko sanda ɗaya ba sai da aka sake shan gahawa. Shehu ya yarda a sa raga a bayan ƙayar, ba a gaban kwami ba, kuma a naɗe ta duk lokacin da garke zai wuce. Matsalar ita ce awaki, don su ma ba sa ganin raga. Matan ne suka ɗauki wannan, suna kora su ta gefe guda. Surukar Haboba, Asha, mai saƙar tabarma ce. Ta tsaya tana kallona ina fama da wani tsuntsu da zare ya naɗe masa fiffike, ta yi tsaki, ta ce in matsa. Na nuna mata inda yatsu ke zama a wuya, sau ɗaya. Ta bi zaren kamar tana warware kaba. Da ta gama ta miƙo mini shi, ta je ta wanke hannu da ƙasa har gwiwar hannu, tana tofar da yawu. Washegari ta dawo.

Haboba ba ta taɓa riƙe tsuntsu ba har ta bar duniya, amma takan zauna bakin rumfa ta ga awo. Ran nan na hura mata cikin wani tsuntsu da muka kama a rame muka sake kama shi ya yi kitse. Ta leƙa ta ce, "Wannan ya ƙoshi. A kan awakina ya ƙoshi. Ku gaya wa mutanen ƙasarsu."

Kakar ba ta kai ta shekarun ruwa ba, amma ta isa a bar tasha a buɗe. Awaki da yawa sun mutu duk da kwamin, kuma da ruwa ya dawo yawancin mutanen sun koma duwatsu. Wasu gidaje suka zauna, har da na Asha. Na ƙara shekaru a wurin kafin tafiye-tafiye su ɗauke ni, kuma duk inda aka tura ni kafa raga, nakan fara tambayar inda mutanen wurin ke shan ruwa da wanda ake shan gahawa da shi.

Tun daga shekarar nan tanka ba ta ƙara tsayawa a ƙofar tasha da farko ba. A kwami take fara saukewa, sannan ta ƙaraso. Kuma masu buɗe raga da asuba a wurin yanzu jikokin mutanen da suka sauko daga duwatsu ne.